Kan Sarkin da Lauwali Bai Ga Cikinsa Ba

A unguwarmu ta Jega, idan baƙo ya tambayi gidan Malam Lauwali, sai a yi ta kallon juna, don masu sunan sun kai biyar. Amma da ya ce Lauwali Kan-sarki, ko akuyar bakin hanya sai ta nuna masa ƙofa.

Sana'arsa ta fari rubutun wasiƙa ce. Ya yi aji huɗu a makarantar boko, ya kuma iya ajami, sai ya kafa ɗan tebur a gindin wata darbejiya kusa da gidan waya, ya zauna nan shekara talatin da ɗoriya. Mutanen Alelu da Liba da sauran ƙauyuka su ke kawo masa wasiƙun 'ya'yansu da suka tafi Ikko ko Kumasi ko Makka, ya karanta musu, ya rubuta amsa. Rubutu yana da lada. Karatu kuwa ba ya karɓar ko sisi, sai dai a bar shi ya yage kusurwar ambulan, wurin da kan sarki yake manne. Mutanen ƙauye suka yi ta sa masa albarka, suna cewa ga mai sauƙi don Allah. Ba su san shi ma yana ganin ya cuce su ba.

Wanda ya jefa shi cikin wannan hali wani tsohon akawun gidan waya ne, Kalilu, mutumin Maiyama. Wata rana ya tarar da Lauwali yana jera kan sarki a cikin littafi yana sha'awar launinsu, sai ya ce masa, "Kai yaro, fuska kake kallo? Fuska ta kowa ce. Juya bayan." Ya ɗaga ɗaya ya saita da rana. A cikin jikin takardar, can ciki, sai ga wani zane kamar inuwa: hular sarautar Turawa da waɗansu haruffa a lanƙwashe. Kalilu ya ce tun takarda tana ɗanya ake danna mata wannan tambari, wurin ya ɗan yi siriri, ta bushe da shi a cikinta. Da shi ake gane na gaske da na jabu, da na wace shekara. Wani lokaci kuma ma'aikaci ya yi gyangyaɗi ya sa takardar kai ƙasa, tambarin ya fito a kife, irin wannan kuwa masu tara kan sarki na duniya nemansa suke ido rufe.

Tun daga ranar Lauwali bai sake zama lafiya ba. Duk kan sarkin da ya shigo hannunsa sai ya ga abin da yake kira cikinsa. Zai jiƙa shi a ruwa har takardar ambulan ta sake shi, ya shanya a inuwa, ya danne da littafi. In ya bushe ya ɗaga a rana. In rana ta nuna, shi ke nan. In ta ƙi, sai ya kifa shi a kan baƙin faranti, ya ɗiga masa man laita, wannan na kunna sigari, ɗigo biyu. Takardar ta jiƙe ta yi duhu, tambarin ya taso baƙi ƙirin, amma ba ya daɗewa. Kafin ka karanta Ƙulhuwa ƙafa biyu man ya tashi, takarda ta koma fara kamar ba a taɓa ta ba. A wannan ɗan tsakanin yake zana abin da ya gani da fensir, a ƙasan gurbin kan sarkin a littafinsa. Wanda ba shi da tambari kuwa, ya rubuta masa "fanko".

Ba da sauƙi ya iya ba. Shekarar da man laita ya yi wuya, ya ce ai mai duk mai ne, ya ɗebi kananzir daga fitilar matarsa Iklima. Kan sarki ashirin da uku suka koma kamar takardar da aka ƙunsa ƙosai, har yau suna wari. Baƙin farantin ma rigima ya zama, don Iklima ta ce ita dai ta san faranti na abinci ne, ta riƙa zuba masa ƙuli-ƙuli a ciki. Sai da wayar hannu ta zo aka raba gardama. Ita ce ta kashe wasiƙa, ta tashi teburin Lauwali daga gindin darbejiya, amma da wayar farko ta mutu a gidan, ya ga gilashinta baƙi ne sumul, ya fi kowane faranti. Yanzu a kan gawar waya yake aikinsa, da hantsaki da gilashin ƙara girma.

Amininsa Arzika, dillalin albasa, shi ne ya fi kowa sa masa ido.

"Wai don Allah, in ka gani mi kaka samu?"

"In na gani, na gani."

"To mu da ba mu gani ba ga mu nan, muna cin tuwo."

"Shi ya sa kuka tsaya ga tuwon."

Arzika ya kan juya ga mutanen majalisa ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Lauwali kuwa sai ya ci gaba da aikinsa. Littattafansa goma sha ɗaya ne, a cikin akwatin ƙarfe, kuma ba kan sarki ko ɗaya a ciki da bai ga cikinsa ba.

Sai dai a shafin farko na littafin farko akwai gurbi da ya bari ba komai, ya kewaye shi da fensir tun yana saurayi. Mai gurbin yana Aliero, a ƙasan kwallar yayarsa Bushira.

Ubansu Gado fataucin goro yake yi. Ya tafi Kumasi Bushira tana da shekara biyar, Lauwali kuwa ko kwana arba'in bai yi ba. Bai dawo ba. Abin da ya dawo wasiƙa ce guda, bayanta kuma sai labarin zazzaɓi da rasuwa daga bakin abokan tafiya. Ba hoto, ba kabarin da za a ziyarta. Wasiƙar da hannunsa ya rubuta ta, da ajami, da tawadar allo. Bai sa ta a ambulan ba. Ninke ta ya yi, wani ya rubuta masa adireshi da boko a bayanta, shi kuma ya manna kan sarki na kwabo biyu, mai hoton wani mutum yana kaɗa ganguna. Saboda haka kan sarkin yana jikin wasiƙar kanta, rubutun Gado yana bayansa daidai. Tawadar allo kuwa kowa ya san halinta da ruwa.

Da uwarsu ta rasu aka raba ɗan abin da ta bari, wasiƙa ta ƙi rabuwa. Bushira ta ce ita ta san fuskar Baba, ita ya goya a wuya, ita za ta ajiye. Ta ƙara da cewa ba za ta ba mai jiƙa takardu ajiyar takarda ba. Ta yi aure a Aliero, ta tafi da ita. Can ta tsufa tana sayar da irin albasa, wannan baƙin ƙwayar mai kama da garin gawayi, tana tsince tsakuwa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Har yau ba ta san tabarau ba.

Kowace Sallah Lauwali sai ya hau mota ya je. A gaisa, a ci, sai ta buɗe kwalla ta warware ƙyalle, ya karanta mata wasiƙar daga Bismillah har wassalam. Ita ba ta karatu, amma ta haddace ta sarai. In ya gama, sai ya ce bari ya ɗan fita da ita haske. Ya ɗaga a rana, takarda biyu da busasshen danƙo suka tare. Shekarar da aka fara tocila mai ƙarfi ya haska ta baya, rubutun Gado ya rufe komai. Wata shekara ya ɗiga man laita ta fuska, ya ga duhu-duhu kawai, Bushira kuma ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba saboda wari. Har wani malamin jami'ar Aliero ya nuna masa a waya wata na'ura ta ƙasar waje, mai matse kan sarki a ƙarƙashin gilashi ta haska shi ta gefe. Lauwali ya tambaya ko tana gani ta cikin takarda biyu. Malamin ya ce shi dai a yadda ya karanta, sai an ɓamɓare. Aka dawo gidan jiya.

Shekaru uku da suka wuce idonsa ya fara yana. Da fari ya ɗora laifin a kan gilashin ƙara girma, ya sayi wani. Daga nan ya ce man laita na yanzu an gurɓata shi. Ranar da ya gaida buhun albasar Arzika, har da tambayar iyali, sai aka kai shi asibiti. Likita ya duba ya ce yanar ta nuna a ido biyu, za a yi aiki, amma akwai wata matsala a can bayan idon, don haka ba zai yi masa alkawarin komai ba. Aka sa rana, sati biyu.

Lauwali bai jira Sallah ba. Ana saura kwana tara ya sa kayan aikinsa a aljihu, Arzika ya ɗauke shi a mashin suka nufi Aliero da hantsi. Suka tarar da Bushira a tsakar gida, faifai a cinya, tana tsintar iri.

"Lafiya dai? Ko wata ya tsaya ban ji ba?"

"Lafiya lau, Yaya. Gaisuwa na kawo."

"Gaisuwa da kwalba a aljihu? Tun daga zaure nika jin warinta."

Ya zauna a bakin tabarma. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi damina, ya tambayi farashin iri, har ta gaji.

"Lauwali, faɗi abin da ya kawo ka, rana na yi."

Ya faɗa mata maganar likita. Ya ce shi ba ya tsoron makanta, ya ga duniya iyakar rabonsa. Amma ya ga cikin kan sarkin mutanen da bai sani ba, dubu da ɗari, na uban wani da na kakan wani, ga na ubansa guda ɗaya, wanda ya lasa da yawunsa ya danna da yatsansa, shi ne bai gani ba. In aka buɗe ido ranar aiki ya zamana shi ke nan, gurbin nan zai zauna fanko har a binne shi.

"To mi kaka so a yi?"

"A yanke wurin kan sarkin kaɗai. Ɗan murabba'i. Shi kaɗai za a jiƙa."

"Da rubutun Baba a bayansa."

"Da shi."

Bushira ta ci gaba da tsinta. Arzika, da ba a tambaye shi ba, ya ce ai abu mai sauƙi ne, a ɗauki hoto a waya kafin a yanke. Ta dube shi ta ce in an ɗauki hoton buhunsa na albasa a ba shi hoton a tafi da buhun, ya yarda? Arzika ya ce shi dama rakiya ya yi.

Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙyallen. Ta buɗe wasiƙar, ta sa yatsa a kan kan sarkin ta baya, ta juya ta ga inda yatsan ya faɗa.

"Karanta mini abin da ke nan. Nan kaɗai."

Lauwali ya kai takardar har kan hancinsa. Ba gani yake ba, amma ya san wurin. Layi uku ne, kusa da ƙarshe. Ya ce, "Jinjirin da na bari, ku shafa mini kansa. Allah ya raya shi, ya ba shi ido a kan abin da zai amfane shi."

Bushira ta amshe takardar ta dubi wurin. Sa'annan ta ce, "Sama duk ni da Inna ce. Ya ce a saya mini awarwaro, ya ce kada a bar ni in tahi rafi. Wanga wuri kaɗai ya ambace ka. Ashe gadonka ne na riƙe shekara da shekaru." Ta miƙa masa. "Ɗauki abinka. Amma ka taɓa mini awarwaro, sai na ci mutuncinka gaban abokinka."

Hannunsa bai yarda da reza ba, idonsa kuma balle. Ita ta yanka, a kan murfin kwalla, a hankali kamar mai yi wa jariri aski. Arzika dai ya ɗauki hotonsa a waya ba wanda ya hana shi. Aka kawo ruwa a ƙaramin kofi. Lauwali ya saka ɗan murabba'in da hantsaki. Ba a jima ba tawada ta fara tashi kamar hayaƙi, layi ukun suka narke, ruwan ya yi baƙi-baƙi. Suka zauna suna kallo. Da takardar ta saki, ya zaro kan sarkin ya ɗauraye a wani ruwan, ya kwantar a kan farin ƙyalle. Ya ɗauki kofin farko zai watsar a gindin bango, yadda ya saba yi shekara hamsin.

Bushira ta ce, "Ina za ka da shi?"

"Zubarwa."

"Addu'ar ubanka za ka ba ƙasa? Da sunan Allah a ciki? Kai dai karatun boko bai yi maka rana ba. Rubutu in an wanke mi aka yi da shi?"

Lauwali ya dubi kofin. Tawada ce ta shekara saba'in da wani abu, da danƙon Turawa, da ƙurar kwalla. Ya yi Bismillah ya shanye. Arzika ya tambaye shi yaya ɗanɗano, ya ce kamar an jiƙa tsohon takalmi. Bushira ta ce haka magani yake.

Sai da aka yi azahar kan sarkin ya bushe. Lauwali ya zaɓi wuri a bakin inuwa, inda haske yake da ƙarfi amma rana ba ta dukan hannu. Ya goge gawar wayarsa da hannun riga, ya kifa kan sarkin a kai, ya saita gilashi, ya ɗiga mai.

Takardar ta yi duhu. Ya matso. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya rufe ido ɗaya. Man ya tashi. Ya sake ɗigawa. Karo na uku ma haka. Abin da yake gani wani baƙi ne a cikin baƙi, kamar mutum a tsaye bayan labule. Ya ajiye gilashin a kan tabarma, ya zauna riƙe da kwalba.

Bushira ta jawo kujerarta. "Zuba in gani."

"Ba ki san abin da za ki nema ba, Yaya."

"Ni da ke raba tsakuwa da iri? Zuba."

Ya gyara mata zaman kan sarkin, kan makaɗin yana sama, ya ɗiga. Ta duƙa, ba gilashi.

"Albasa ce."

"Wace irin albasa kuma?"

"Albasa dai, mai ɗan wuya. Biyu da rabi. Ga waɗansu tsutsotsi a tsakaninsu."

"Hular sarki ce. Tsutsotsin haruffa ne." Ya matso kusa da ita. "Wuyan, sama yake kallo ko ƙasa?"

"Ta ɓace. Ƙara."

Ya ƙara.

"Sama. Yadda Allah ya halicci albasa."

Lauwali ya gyaɗa kai. Wanda yake a kife shi ne abin nema. Mai kallon sama kuwa yana da irinsa sun fi ɗari a akwati. Arzika ya tambaya ko an dace, nawa zai yi a kasuwar masu abin. Lauwali ya ce ba zai sayi kashin albasa ɗaya ba. Arzika ya ce to an yanka wasiƙa, an sha takalmi, an ƙona masa man mashin, a kan abin da bai kai albasa ba. Lauwali ya ce e. Ya zaro littafin farko daga aljihu, ya buɗe shafin farko, ya miƙa wa Bushira fensir. Ta ce ita ba ta taɓa riƙe wannan abu ba. Ya ce ta zana abin da ta gani kawai. Ta riƙe fensirin kamar muciya, ta zana albasa biyu da rabi, har ta ƙara musu saiwa.

An yi aikin ido ranar da aka sa. Na dama bai dawo ba. Na hagu ya buɗe daidai gwargwado: yana zuwa masallaci ba jagora, yana gane Arzika da buhu. Amma ƙananan abubuwa sun tafi. Ya gwada sau ɗaya a kan kan sarkin Gado, ya rufe kwalba, bai sake ba. Masu zuwa kallon littattafansa, yawanci ɗaliban jami'a, su kan tsaya a shafin farko su tambayi wannan zane da ya bambanta da sauran. Ya kan ce na Yaya ne, ita ta gani, kuma idonta ya fi na'ura.

Wayar Arzika kuwa, mai hoton, ta faɗa rijiyar lambu wata biyu bayan nan.

Wasiƙar tana nan a kwallar Bushira da 'yar tagarta. Sallar da ta wuce Lauwali ya je kamar kullum, Arzika ya kai shi, kuma daga bakin Arzika unguwa ta ji yadda aka yi. Ta warware ƙyalle, ya riƙe takardar yana karantawa da ka, ya wuce awarwaro, ya wuce rafi. Da ya iso wurin tagar bai ko tsaya ba.

"Jinjirin da na bari, ku shafa mini kansa. Allah ya raya shi, ya ba shi ido a kan abin da zai amfane shi, ya sa ya fi yayarsa hankali."

"Ƙarya kake. Baba bai ce ba."

"Nuna mini inda bai ce ba."

Bushira ta karɓi takardar, ta ɗaga, ta leƙo shi da ido ɗaya ta cikin tagar.

"Wuri ne na layi uku, kai ka sa huɗu."

"Rubutun Baba ƙanana ne."

"To amayo shi mu duba."

Ya ce wannan kuma sai dai ta yi haƙuri, gado ya riga ya shiga jiki. Ta ninke wasiƙar ta mayar a ƙyalle, ta ce ya ci tuwonsa kafin ya huce.